Hannun Da Na Ɗaga A Madadin Yayana

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya in goge shi daga rayuwata, ba zan ɓata lokaci wurin tunani ba. Zan goge wata Asabar ta lokacin kaka, ranar da na tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu a Birnin Kebbi na ɗaga hannu na ce gidanmu ya yarda a ci bashi. Ba ni ne maigida ba. Maigida yayana ne, kuma a wannan sa'ar yana fadamar Zauro da lauje a hannu, bai ma san ana taro ba. Hannun nan nawa shi ya raba shi da gonar da mahaifinmu ya rasu ya bari. Na tsufa yanzu, amma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi, kuma ba kaina kaɗai nake jin haushi ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yi mana jiha ba. Ni na gama firamare, na sami aikin kula da sito, ina ɗaukar ɗan albashi, ina da keke. A gidanmu ni kaɗai na shiga boko. Yayana tun yana yaro yake bin mahaifinmu fadama, kuma bayan rasuwar tsohon shi ya riƙe gona, shi ya riƙe gida. Shinkafar da nake ci da matata da 'ya'yana daga rumbunsa take fitowa. Albashina sabulu yake saye da kananzir da rigar Sallah. Yana kirana Malam Akawu, rabi wasa rabi zolaya, ni kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Karatu ina sonsa, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai wani ɗan kudu mai shagon littattafai da biro a bakin kasuwa, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Yakan bar ni in zauna a bencinsa in karanta abin da ba ni da kuɗin saye. In na daɗe sai ya ce, "Malam, ka cinye mani littafi da ido, mi zan sayar?" Mu yi dariya, in ci gaba da karatuna.

Wata rana aiki ya kai ni Argungu. Motar da za ta dawo da ni ta yi jinkiri, sai na shiga gidan kayan tarihin garin don in kashe lokaci. Na ga takubba da masu da tambura. Abin da ya tsayar da ni shi ne gorar kamun kifi da homa, ragar da ake kama shi da ita, an rataye su da mutunci, baƙi suna tsayawa suna kallo. Irinsu sak suna bayan rumbunmu, na mahaifinmu, kaji suna kwana a kai. Na dawo gida zuciyata tana tafasa. Na ce mu ma me ya hana mu? Mu sami ɗaki ɗaya na karatu inda yaro zai zauna ba tare da ya ji kunyar mai shago ba, da ɗaki ɗaya na ajiye kayan iyayenmu. Har yau ban ga laifin wannan buri ba. Laifin yana cikin hanyar da muka bi.

Muna da ƙungiyar ci gaban unguwa, ni ne sakatare saboda hannuna yana da kyau a rubutu. Shugabanmu wani Alhaji ne ɗan kwangila, mai fara'a, mai yawan kyautar goro. Da na kawo maganar sai ya rungume ta kamar dama jira yake. Ya ce fili akwai, magina akwai, kuɗi ne kawai babu. Aka fara zancen banki, liman ya ce shi ba zai shafa fatiha a kan kuɗin ruwa ba. Sai Alhaji ya kawo wata dabara. Akwai wani attajiri mai injin casar shinkafa, ya yarda ya ba da kuɗin ginin gaba ɗaya, a biya shi da shinkafa a kaka uku masu zuwa, a kan farashin da aka tsayar tun yanzu. Liman ya duba ya ce wannan ciniki ne, ya halatta in masu shinkafar sun yarda. Ku riƙe wannan maganar ta liman, in masu shinkafar sun yarda, domin a nan muka yi ha'inci.

Mai injin ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, a tara unguwa, kowane gida ya ba da murya ɗaya, masu yarda su rinjayi marasa yarda. Na biyu, wasu gidaje masu manyan gonaki su tsaya wa sauran, in wani ya gaza su cika.

Bashin nan da shinkafa za a biya shi. Malamin makaranta ba ya da shinkafa. Masinja ba ya da ita, tela ba ya da ita, ni ma ba ni da ita. Mu masu albashi da 'yan tireda aka ce mu kawo abin da ya sauwaƙa. Manomi kuwa aka yanka masa buhuna gwargwadon girman gonarsa. Na ga wannan da idona, ni na rubuta shi, kuma ban ji komai ba.

Na sami yayana da maganar tun kafin ruwa ya janye daga fadama. Yana zaune a zaure yana gyara ƙotar lauje. Na yi masa bayani mai tsawo, har da Argungu, har da gorar Baba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Malam Akawu, shinkafar da ba a shuka ba ita za ku saida?"

Na ce, "Yaya, kowace shekara ana samu ai."

Ya ce, "Kai kana samu. Ƙarshen wata ko ruwa ya zo ko bai zo ba, ana ba ka naka. Ni gulbi ka biyana, kuma gulbi bai taɓa sa mani hannu ga takarda ba. In ɗakin karatu kuke so, ku bari in kaka ta yi kyau in ba ku buhu da hannuna. Abin da ke cikin rumbu shi nika kyauta da shi."

Na ce ai haka ginin zai shekara goma ba a gama ba. Ya ce to ya shekara goma mana, wa ke korarmu? Ya ci gaba da gyaran laujensa.

Na kai wa Alhaji labari. Ya yi murmushi ya ce ba yayana kaɗai ba, duk tsofaffin fadama haka za su ce, kansu ya daskare. Sai ya tambaye ni yaushe ake fara yanka. Duk wanda ya tashi a wurinmu ya san yadda kaka take. In shinkafa ta nuna, magidanta sukan tattara su koma fadama, su kafa bukkoki, su zauna can ana yanka ana bugu ana sheƙa, ba mai dawowa gari sai Juma'a, wani ma ko Juma'ar a ƙauyen kusa yake yi. Unguwa takan zama ta mata da tsofaffin da ƙafa ta gaza da mu masu zuwa ofis. Alhaji ya ce, "Sakatare, sa mana taron nan Asabar, tsakiyar yanka." Bai ce don me ba. Ni ma ban tambaya ba, don na sani. Na sa mai shela ya zagaya unguwa ranar Juma'a da la'asar, bayan waɗanda suka shigo salla sun riga sun koma.

Ranar taron an shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Na duba fuskoki, kusan duk ƙannen masu gida ne da manyan 'ya'yansu, masu agogo a hannu da biro a aljihu irina. Alhaji ya yi magana mai daɗi a kan ilimi da martabar gari. Ya ce mutanen Argungu ba su fi mu iyaye ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Liman, wanda idonsa ya fara rauni, ya tambaya ko kowane gida yana da wakili. Aka amsa masa da ƙarfi cewa akwai. Ni ma na amsa.

A al'adarmu ƙane ba ya magana da sunan gida matuƙar wansa yana raye, sai in an aike shi. Kowa a wurin ya san haka. Amma da aka ce masu yarda su ɗaga hannu, sai hannuwa suka tashi kamar an shirya, kowa yana kallon na kusa da shi yana samun ƙarfin hali. Mutum ɗaya na gani bai ɗaga ba, ɗan kudun nan mai shagon littattafai, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne don a unguwar yake haya. Alhaji ya ce masa cikin raha, "Kai da za a riƙa sayen littafi wurinka, kai ne ba ka so?" Ya ce, "Ina so, Alhaji. Zan ba da kwali guda na littattafai kyauta. Amma ba ni da ko kwano na shinkafa, ƙaƙa zan ɗaga hannu a kan ta wani?" Aka yi dariya, wani ya ce tsoro ne irin na 'yan kasuwa. Ni ma na yi dariyar, hannuna yana sama.

Da aka zo kan gidajen da za su tsaya wa sauran, sai kowa ya riƙa jiran wani ya fara. Alhaji ya dube ni ya ce sakatare shi ya kawo magana, ya kamata gidansu ya buɗe hanya. Idanu suka dawo kaina. Na ji kunyar a ce Malam Akawu ya ja da baya. Na ce gidanmu ya tsaya. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Wanda ba ɗan wurinmu ba zai ce, to ai sai magidanta su dawo su ce ba su yarda ba. Ba haka abin yake ba. Maganar da aka shafa wa fatiha a ƙofar masallaci ba a kwance ta. Kuma maigidan da ya fito ya ce ƙanensa ya yi ƙarya a gaban liman, ya tozarta gidansa da bakinsa, 'ya'yan gidan za su daɗe suna jin abin a wurin neman aure da wurin ciniki. Alhaji ya san wannan sarai. Da mutuncin mutanen nan aka ɗaure su, kuma ni na riƙe igiyar.

Washegari na hau keke na tafi fadama, don na fi so ya ji daga bakina. Na same shi a masussuka, ƙaiƙayi ya rufe masa gashin kai. Na gaishe shi, ya ba ni fura a ƙwarya. Ban iya sha ba. Na faɗa masa duka, har da tsayawar da na yi.

Ya ajiye sandar bugunsa. Sannan ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa.

Ya ce, "Na mutu ne ban sani ba? In na mutu ku hwaɗa mani, in bar wahalar wagga shinkahwa."

Na ce, "Yaya, in ka ce a'a, zan koma in ce kuskurena ne."

Ya ce, "Ka koma ka ce ɗan babana maƙaryaci ne? An shafa fatiha?"

Na ce an shafa.

Ya ɗauki sandar bugunsa. Ya ce, "To tahi. Kekenka na cikin rana." Daga wannan ranar bai sake kirana Malam Akawu ba. Sunana yake kira, gajere, kamar yadda ake kiran baƙo.

Alhaji shi ya karɓi kwangilar ginin, ba wanda ya yi mamaki. Bango ya tashi da sauri. Na bi gida gida ina karɓar kayan tarihi, aka ba ni tsohuwar garkuwa, da akushi, da allunan kakanni, na haɗa da gorar Baba da homarsa, na tara su a wani ɗaki a gidan Alhaji kafin a gama. Kakar farko ta yi kyau, aka auna wa mai inji shinkafarsa. A kasuwa buhu ya fi farashin da aka tsayar nesa ba kusa ba, manoma suna kallo ana loda guminsu a mota a kan rabin kuɗi. Ni kuwa ina yawo ina cewa kun gani, ba ga shi ba.

Ɗakin karatu aka yi wa rufi. Kafin a kai ga na tarihi, Alhaji ya ce kuɗi sun ƙare, kwano ya yi tsada, siminti ya yi tsada. Muka nemi ya zauna ya yi mana bayani, ya ce ashe ba a yarda da shi ba, ya yi fushi, ya bar zuwa taro. A shekarar ya sake mota.

Damina ta biyu gulbi ya cika ya wuce iyakarsa. Ruwa ya zo da wuri, shinkafa tana ƙarama, ya haye kanta ya zauna. Mutane suka riƙa shiga jirgi suna zagaya inda gonakinsu suke, ba abin da ake gani sai ruwa da kan dogayen ciyayi. Da kaka ta zo, abin da yayana ya samu bai kai na ci ba, balle na biya.

Muka je wurin mai inji, ni da wasu dattawa. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa. Ya ce shi bai ba da kuɗi don a dawo masa da kuɗi ba, shinkafa ya saya, shinkafa yake jira, shi ma akwai waɗanda ya yi wa alkawari. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ƙananan gidaje suka gaza, nauyi ya gangaro kan waɗanda suka tsaya. Na bi masu hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda muka ɗaga tare. Wannan ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Sakkwato. Wancan ya ce ai an ce abin da ya sauwaƙa, kuma bai sauwaƙa ba. Wani ya ce mani, "Kai ne fa sakatare." Har yau in na haɗu da waɗanda suka rage a cikinsu a wurin jana'iza, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na sayar da kekena da rediyona, na karɓi albashin gaba, duka bai sayi abin kirki ba a farashin shekarar.

Yayana bai je roƙon kowa ba. Ya kira liman da shaidu, ya ba mai inji gonar jingina, shi mai injin ya riƙa nomanta har ranar da za a fanshe ta. Liman ya yi kuka a wurin. Ya ce da ya san masu gona ba sa nan ranar, da bai ɗaga hannunsa ba. Ya juyo wajena ya ce, "Na tambaye ku."

Ba a fanshe ta ba. Kowace shekara ina cewa bana, kowace shekara wani abu ya taso. Yayana ya koma noman albasa a wani ɗan fili na aro, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana zubawa, mutumin da a da yake ɗaukar 'yan ƙodago. Bai kore ni daga gida ba, bai hana 'ya'yana tuwo ba. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ina zaune kusa da shi na ce ya yafe mani. Ya ce ya yafe tun tuni, don ba ya son ya tafi da kaya. Sannan ya ce, "Gorar Baba fa, tana ina?"

Ban iya gaya masa ba. Ɗakin da na tara kayan a gidan Alhaji ya yi yoyo, gara ta shiga. Allunan sun zama gari, homar ta ruɓe, gorar ta tsage. Mutane sun ba ni kayan iyayensu da hannu biyu, na mayar wa wasu guntaye, wasu ko guntun ban samu ba. Na ce masa tana nan. Wannan ita ce ƙarya ta biyu da na yi a kansa.

Ɗakin karatun ya yi aiki na ɗan lokaci. Ɗan kudun ya kawo kwalinsa kamar yadda ya ce, yara suna zuwa bayan la'asar, ni nake buɗewa ni nake rufewa. 'Ya'yan yayana ba su taɓa taka wurin ba, kuma ban taɓa ce musu su zo ba. Da ƙungiya ta watse, ba mai biyan mai gadi, sai mai inji ya nemi a ba shi aron ɗakin ya ajiye buhuna. Aka ba shi. Na taɓa leƙawa ta taga na ga shinkafa jibge har rufi a inda muka jera benci, kuma na san daga gonar da wasu buhunan suka fito.

Bayan an yi mana jiha gari ya buɗe, aka gina gidaje a Gesse, baƙi suka cika ko'ina. A wani taro na ji wani yana yabon Alhaji, wai shi ne mutum na farko da ya yi tunanin ilimi a unguwarmu. Na tashi na fita, don in na zauna zan faɗi abin da bai dace da wurin ba.

Yanzu ina jin matasa suna zancen gina ɗakin karatu, da gidan tarihi, da karɓo rance a biya a hankali. Ina murna da burinku, kuma in kun gina zan zo da sandata in zauna. Abu ɗaya nake roƙonku. Kafin ku ƙirga hannuwa, ku duba ku ga wanda zai biya yana wurin ko ba ya nan. In yana fadama, ku jira shi ya dawo, ko ku cire takalmi ku bi shi can ku tambaye shi, kuma in ya ce a'a ku ji. Kada ɗayanku ya ɗaga hannu a kan shinkafar da ba shi ya shuka ba. Ni na yi, kuma 'ya'yan yayana har yau a gonar aro suke noma.